Babi na Shida: Fumfunar da Ke Manne a Jikin Roba

Akwai wani al'amari da likitocin sashen kula da masu jin jiki sosai suka daɗe suna cin karo da shi kafin a gano bakin zarensa. Majinyaci ya yi makonni a kwance, an zura masa siririyar roba ta babbar jijiyar wuya domin ƙarin ruwa da magani, sai zazzaɓi ya taso ya ƙi sauka. A ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaje-gwaje, bayan kwana biyu ko uku a ce an samu Kandida a ciki. A gwada ƙwayar da magani, a ga ɗan kaɗan na fulukonazol ya isa ya hana ta yaɗo. A fara ba majinyacin wannan maganin bisa ƙa'ida, ba tsallake, ba ragi. Bayan kwanaki a sake ɗibar jini, Kandida tana nan daram. Sai ranar da aka zare robar aka sa sabuwa a wata jijiya, sannan jinin ya tsarkaka, da wannan maganin dai da ake ganin ya gaza.

Ɗakin gwaji bai yi kuskure ba, maganin kuma ba jabu ba ne. Abin da aka gwada a cikin kwalba daban yake da abin da ke zaune a jikin robar, ko da yake ƙwaya ɗaya ce, gadonsu ɗaya. A kwalba an gwada ƙwayoyi ne da ke yawo ɗai-ɗai a cikin ruwa. A jikin roba kuwa sun manne, sun hau kan juna, sun lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa. Wannan zaman tare shi ne masana ke kira bayofim. Kowa ya taɓa shi da hannunsa: santsin da ke taruwa a cikin randar da aka kwana biyu ba a wanke ba, da farin dattin da ke kwanciya a gindin haƙori, duk shi ne, sai dai waɗancan galibi na bakteriya ne. Na dangin fumfuna shi ne maganarmu a wannan babi.

Kandida ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Ita ƙwayar yis ce, 'yar'uwar wadda ke kumbura kwaɓin burodi, kuma mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ita a baki da hanji da fata ba tare da sun sani ba. Garkuwar jiki da sauran ƙwayoyin da suke maƙwabtaka da ita su ne ke taka mata birki. Idan aka ɗora mutum a kan antibayotik masu ƙarfi suka share maƙwabtan, ko ciwon suga ya yi nisa, ko maganin sankara ya raunana garkuwa, ko aka yi babbar tiyata a ciki, sai ta samu sarari. Nau'in da ya fi shahara shi ne Candida albicans. Idan ta shiga jini ba abin wasa ba ce: a manyan asibitocin duniya, inda akwai kayan aiki da magani, kusan mutum uku zuwa huɗu cikin goma da ta shiga jininsu ba sa tashi.

Wani abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne ƙarancin makamai. Magungunan bakteriya azuzuwa ne masu yawa, amma na fumfuna da ake iya sa wa mutum a jini, manyan azuzuwansu uku ne kacal. Dalili kuwa shi ne ƙwayar fumfuna ta fi kusa da tamu a tsarin halitta fiye da yadda bakteriya take, don haka da wuya a samu dafin da zai kashe ta bai taɓa mu ba. Aji na farko shi ne na nistatin, wanda wasu mata biyu, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a 1950 a hukumar lafiya ta jihar New York, da amfoterisin B, wanda aka samo a 1955 daga wata ƙwayar ƙasa da aka ɗebo a yankin kogin Orinoko na Benezuwela. Waɗannan suna kama wani maiƙo da ke cikin fatar ƙwayar fumfuna, argostarol, su lalata fatar. Amfoterisin yana da ƙarfi, amma yana sa rawar ɗari, yana kuma taɓa ƙoda. Aji na biyu shi ne azol, wanda fulukonazol yake cikinsa. Ya shiga hannun likitocin Amurka a 1990, kuma aikinsa hana ƙwayar ƙera argostarol ɗin. Na uku, ekinokandin, sai 2001 ya fito, lokacin da aka amince da kasfofunjin. Shi bangon ƙwayar yake rushewa ta hanyar hana ta haɗa wani sukari mai tauri, gulukan. Idan hanya ɗaya ta toshe cikin ukun nan, an yi babbar asara.

Daɗaɗɗen gani da aka manta

Mutumin da ya fara lura da cewa ƙwayoyin da suka taru sun fi wuyar kashewa ba likita ba ne. Antoni van Leeuwenhoek mai shagon yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, yana sarrafa madubin ƙara girma da hannunsa. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu suna ta kai da kawo, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan. Ya kuma yi wani gwaji mai sauƙi: ya kurkure bakinsa da ruwan khal mai ƙarfi, ya sake dubawa, ya tarar da masu rai a cikin dattin. Amma da ya gauraya dattin da khal ɗin a waje, sai suka mutu. Hukuncin da ya yanke shi ne khal ɗin na waje kawai ya kashe, bai ratsa ciki ba.

Kusan shekara 300 wannan gani yana ajiye. Ilimin ƙwayoyin cuta ya ginu ne a kan ware ƙwaya guda, a rene ta a cikin ruwa mai gina jiki, a gwada ta ita kaɗai. Hanyar ta yi amfani ƙwarai, da ita aka gano masu haddasa kwalara da tarin fuka, amma ta saba wa masana da kallon ƙwaya a yanayin da ba kasafai take zama a cikinsa ba. Bill Costerton, wani masani ɗan Kanada, shi ya tayar da maganar a shekarun 1970. Ya duba duwatsun ƙoramun kan tudu da tumbin shanu, ya ga mafi yawan ƙwayoyin a manne suke, 'yan kaɗan ne ke yawo a ruwa. Maƙalarsa ta 1978 a mujallar Scientific American ta juya tunanin mutane da dama.

Fumfuna ta makara wajen shiga wannan bincike. Sai a 1994 Julia Douglas da abokin aikinta Stephen Hawser, a Jami'ar Glasgow ta Sikotlan, suka yanyanka robobin asibiti iri-iri ƙanana-ƙanana suka zuba musu Kandida, suka ga yadda take shimfiɗuwa a kai. Shekarar da ta biyo suka nuna cewa magungunan da ke aiki a kwalba ba sa kataɓus a kan wannan shimfiɗa. Bincike na baya ya nuna cewa ga fulukonazol, adadin da shimfiɗar ke iya jurewa yakan kai ninki 1,000 na wanda ke tsayar da ƙwayar da ke yawo. Ba jikin da zai ɗauki irin wannan adadi.

Yadda ake ginin

Da zarar an zura roba a jijiya, cikin ɗan lokaci furotin na jini yake shafe jikinta. Wannan shafi shi ne shimfiɗar da Kandida ke sauka a kai, ko ta gangaro daga fatar majinyacin, ko daga hannun wanda ya taɓa bakin robar, ko ta biyo jini daga hanji. Ƙungiyar Mahmoud Ghannoum a Cleveland ta Amurka ta bi ginin sa'a bayan sa'a, ta buga sakamakon a 2001. A sa'o'in farko ƙwayoyi ne zagayayyu suke mannewa suna tohowa har su rufe wurin. Daga wajen sa'a 12 sai yauƙin ya fara bayyana, wasu ƙwayoyin kuma su sauya siffa, su miƙe su zama dogayen zaruruwa masu ratsa juna. Kafin kwana biyu zuwa uku ginin ya nuna: ƙasa ƙwayoyin yis a cunkushe, sama saƙar zaruruwa, yauƙi ya cika tsakani, ga ƙananan hanyoyi da ruwa da abinci ke bi. Ya fi kama da suri, wanda gara ke ginawa da yawunta: abin da ka watsa a bayansa ba ya isa ga masu gidan.

Ba gini ne na kara-zube ba. A 2012 Clarissa Nobile da Alexander Johnson, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, suka gano ƙwayoyin gado guda shida da ke jagorantar aikin, suna kunna juna suna kashewa, kuma a ƙarƙashinsu akwai wasu kusan 1,000, wato wajen kashi 15 cikin 100 na dukkan gadon ƙwayar. Halittar da ta ware wannan kaso mai yawa don zaman tare, to zaman taren ne asalin rayuwarta. Ƙwayoyin ma suna da hanyar sanin yawansu. A 2001 ƙungiyar Kenneth Nickerson a Nebraska ta gano wani sinadari, farnesol, da Kandida ke fitarwa. Idan ya taru da yawa, alamar wuri ya cika, sai ya hana sababbin ƙwayoyi miƙewa su zama zare.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi cutar da majinyaci. Ginin da ya nuna yakan riƙa sakin ƙwayoyin yis daga samansa, su bi jini. An gwada waɗannan da aka saki an ga sun fi na kwalba iya mannewa da iya lahani. Su ne ke sauka a ƙoda, a bayan ido, a ƙashin baya, a marfin zuciya. Magani yana kashe da yawa daga cikinsu a hanya, zazzaɓi ya ɗan lafa, iyali su ce Alhamdu lillahi an samu sauƙi, alhali matattarar tana nan a wuya tana sako wasu.

Me ya sa maganin ke gazawa

Amsar farko da ta zo wa kowa ita ce ta Leeuwenhoek: maganin ba ya ratsawa. Douglas ta gwada wannan a 2004, ta tarar cewa magungunan suna ratsawa har su fita ta ɗaya ɓangaren, amma ƙwayoyin ba su mutu ba. Ashe maganar ta fi haka zurfi, kuma ba dabara ɗaya ba ce. Kowane lokaci na ginin da irin tasa.

A sa'o'in farko, tun yauƙi bai taru ba, ƙwayar da ta manne takan kunna wasu famfuna da ke jikin fatarta, masu tunkuɗo magani waje da zarar ya shiga. Abin mamaki shi ne mannewar kaɗai ke kunna su, ko da ƙwayar ba ta taɓa haɗuwa da magani ba. A 2003 Pranab Mukherjee, a ɗakin binciken Ghannoum, ya yi amfani da Kandidar da aka cire wa waɗannan famfuna. A sa'a 6 fulukonazol ya yi aiki a kanta. A sa'a 12 da 48 kuwa ya daina, duk da ba famfon. Wani abu ya karɓi aikin kariya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya gani shi ne ƙwayoyin ginin da ya manyanta sun rage argostarol a fatarsu, wato abin da azol da amfoterisin ke hari ya ragu.

Babbar kariyar dai tana cikin yauƙin, kuma David Andes da Jeniel Nett na Jami'ar Wisconsin su ne suka fito da ita fili. Sun fara da sa wa ɓeraye roba a jijiya domin su ga ginin a jiki mai rai. A 2007 suka yi gwaje-gwaje uku da nake ganin duk mai koyon kimiyya ya kamata ya san su, saboda yadda kowanne ke tallafa wa ɗan'uwansa. Sun yi wa fulukonazol alamar da za a iya bin sawunsa, suka zuba, suka tarar wani kaso nasa yana maƙalewa a yauƙin. Sun zuba wani sinadari mai narkar da gulukan, sai maganin da a da ba ya komai ya fara aiki. Sannan suka ɗebi gulukan na yauƙin suka zuba wa ƙwayoyin da ke yawo, sai su ma suka fara jure maganin. Sukarin nan da ƙwayar ke gina bangonta da shi, shi take fesowa waje ya riƙe magani kafin ya iso. Da suka tantance yauƙin gaba ɗaya a 2014, suka samu kusan kashi 55 cikin 100 furotin ne, 25 sukari, 15 maiƙo, 5 kuma DNA. Sukarin ba shi ne mafi yawa ba, kuma gulukan ɗin da ake magana ɗan kaɗan ne a cikinsa, amma idan ya haɗu da sauran sukarin suka saƙu, su ne ke riƙe maganin. Daga baya suka nuna cewa ƙwayoyin suna aiko da kayan wannan gini ne a cikin wasu ƙananan jakunkuna da suke fitarwa.

Akwai kuma 'yan tsirarun da suke kwanciya luf. A 2006 ƙungiyar Kim Lewis a Boston ta ba da rahoton cewa idan aka zuba wa ginin amfoterisin mai yawa, mafi yawa suna mutuwa, amma wani ɗan kaso ƙarami yana tsira, kuma ƙara maganin ba ya rage shi. Da aka ɗauki waɗanda suka tsira aka sake renonsu, sai suka haifi gini irin na farko, mafi yawa masu mutuwa, 'yan kaɗan masu tsira. Wasu masana sun yi jayayya kan yawan samuwar irin waɗannan ƙwayoyi a Kandida, kuma muhawarar ba ta ƙare ba.

A nan akwai bambancin da nake so mai karatu ya riƙe, domin an cika haɗa abubuwa biyu a wuri ɗaya. Akwai bijirewar da ke zuwa daga sauyin gado: ƙwaya ta sha magani sau da yawa, wata a cikinsu ta sauya, 'ya'yanta su gaji sauyin har abada. Ta jikin roba ba haka take ba. Idan ka ɗebo ƙwaya daga ginin ka rene ta a kwalba, jikokinta za su faɗi da ɗan maganin nan kamar kowa. Ƙarfin na taron ne, sarkin yawa da ya fi sarkin ƙarfi. Shi ya sa takardar ɗakin gwaji za ta ce magani yana aiki, kuma gaskiya ta faɗa, amma majinyaci bai ga haka ba. Sai dai hanyoyin biyu suna iya haɗuwa: ƙwayoyin da suka yi makonni a cikin yauƙi suna samun magani kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ba, sun samu kyakkyawan fagen da sauyin gado zai fito ya kafu.

Kandida kuma ba ta cika zama ita kaɗai ba. Bakteriyar Staphylococcus aureus takan manne a jikin zaruruwanta, kuma an nuna cewa yauƙin Kandida yana kare ta daga bankomaisin, ɗaya daga cikin manyan magungunanta. A bakin ƙananan yara masu mummunan ruɓewar haƙori, ana samun Kandida tare da bakteriyar da ke cin haƙori, kowacce tana ƙarfafa ginin ɗayar.

Zare robar

A 2002 aka samu labari mai daɗi daga Cleveland: ekinokandin da kuma amfoterisin da aka lulluɓe a cikin ƙwayoyin maiƙo suna iya taɓa ginin, inda azol da tsohon amfoterisin suka gaza. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta 2016 ta sa ekinokandin a gaba ga wanda Kandida ta shiga jininsa. Amma ƙa'idar ba ta tsaya ga magani ba. Ta ce a zare robar jijiya da wuri idan ana zaton ita ce tushen, a duba cikin idon majinyaci, a riƙa ɗibar jini har ya fito tas, sannan a ci gaba da magani kwana 14 daga ranar da ya tsarkaka.

Faɗin a zare ya fi yin sa sauƙi. Mai wankin ƙoda da jijiyoyinsa suka ƙare, robar nan ita ce hanyar rayuwarsa. Wanda aka sa wa marfin zuciya na roba ko ƙarfe, cirewa na nufin sake buɗe ƙirji. Bakwainin da ke cikin kwalba, wanda ba ya iya shan nono sai abinci ta jijiya, ba shi da jijiyoyin da za a yi ta sauyawa. Irin waɗannan jarirai su ne Candida parapsilosis ta fi addaba. Tana son ruwa mai suga da maiƙo, irin wanda ake ciyar da su da shi, tana son roba, kuma ana yawan samunta a hannun ma'aikatan asibiti. Don irin waɗannan ne ake gwada cika robar da amfoterisin mai kauri ko giyar asibiti, a toshe ta na wasu sa'o'i, sannan a zuƙe, ba tare da ya shiga jini ba. Ana samun nasara a wasu lokuta, amma bai maye gurbin zarewa ba.

Sai ga wata sabuwa ta ɗauki wannan dabara ta fitar da ita daga jikin majinyaci zuwa ɗakin da yake kwance. An fara bayyana Candida auris a 2009, daga kunnen wata tsohuwa a wani asibiti a Tokiyo. Daga baya aka gano samfurinta na 1996 a ajiye a Koriya ta Kudu. Binciken gadonta ya nuna ta ɓullo kusan lokaci guda a Asiya ta Kudu, da Asiya ta Gabas, da Afirka ta Kudu, da Amurka ta Kudu, kowane yanki da zuriyarsa. Tana jure zafi da gishiri, tana zama a hammata da matsematsi, kuma Nett ta nuna cewa a ruwa mai kama da gumi tana yin gini mai kauri fiye da na albicans nesa ba kusa ba. A kan busasshiyar roba tana iya yin mako biyu da rai. Wasu magungunan goge-goge da asibitoci suka saba da su ba sa kashe ta, sai masu kulorin da makamantansu. Ita kam ta haɗa duka biyun, ginin da kuma sauyin gado: a Amurka kusan tara cikin goma na samfuranta ba sa jin fulukonazol, kusan uku cikin goma ba sa jin amfoterisin.

Asibitin Royal Brompton na Landan ya yi fama da ita daga 2015, har sai da aka rufe sashen masu jin jiki na ɗan lokaci a 2016. A Oxford ta kama mutum 70 a sashe guda tsakanin 2015 da 2017. Da aka bi diddigi sai aka tarar da ita a jikin ma'aunin zafin jiki da ake sa wa majinyata a hammata, ana gogewa a sa wa na gaba. Da aka daina amfani da waɗannan ma'aunai ne annobar ta lafa. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari, ta sa huɗu a sahun gaba: Candida auris, Candida albicans, Aspergillus fumigatus da Cryptococcus neoformans. Dukkansu huɗun suna iya yin wannan gini. A shekarar ne kuma Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka buga rahoton samun auris a jinin majinyata a Najeriya. Tsofaffin hanyoyin gwaji sukan ɗauke ta a matsayin wata Kandida daban, kuma na'urar da ke tantance ta da sauri tana da tsada, don haka abin da aka ƙirga a ƙasashenmu bai kai abin da ke akwai ba.

Aspergillus ya shafe mu ta wata fuska. Tarin fuka yakan bar rami a huhu ko bayan an warke, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya. Ƙurar fumfunar da muke shaƙa kullum takan sauka a ramin, ta saƙa zaruruwanta da yauƙinta har ta zama dunƙule. Mutum ya ci gaba da tari, yana ramewa, wani lokaci da jini, gwajin majina bai nuna tibi ba, amma a sake ɗora shi a kan maganin tibi na wata shida. Maganin fumfuna yana iya rage ciwon, amma ba ya narkar da dunƙulen cikin sauƙi. Idan guda ne kuma majinyaci zai iya jurewa, tiyata ce ke raba shi da shi.

Ba duk ginin ne ke kai mutum gadon asibiti ba. Dattijon da ke kwana da haƙoran roba a baki, ganɗarsa ta yi ja tana zafi, zai iya shan nistatin sau da yawa ciwon yana dawowa, domin matattarar tana jikin haƙoran, a ƙananan ramukan robar. Cire su da dare, da goge su, da jiƙa su a ruwan da ya dace, ya fi kwalabar magani ta biyu amfani. Game da abin da mata ke kira ciwon sanyi kuwa, masana sun saɓa kan ko bayofim ne ke sa ya riƙa dawowa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne ba kowane ƙaiƙayi ne Kandida ba, kuma sayen fulukonazol a kemis duk wata ba tare da gwaji ba yana share masu jin magani ya bar wa masu taurin kai fili.

Abin da ke damuna a asibitocinmu shi ne magungunan da suka fi taɓa wannan gini su ne suka fi tsada da wuyar samu. Fulukonazol, wanda ya fi kowanne gazawa a gaban yauƙin, shi ne ke ko'ina. Gwajin jinin ma ba kowane asibiti ke yin sa ba, inda ake yi kuma yakan kasa kama kusan rabin masu ciwon. A irin wannan hali, hukuncin da ake yankewa a kan roba ya fi nauyi a wurinmu fiye da a Landan. Kanular da aka bari a hannu kwana da kwanaki bayan an gama ƙarin ruwa, da robar wuya da ba wanda ya rubuta ranar da aka sa ta, da robar fitsarin da aka sa wa tsoho don kawai a huta da sauya zanin gado, kowacce fili ce da aka share wa Kandida. Masu jinya suna da hakkin su tambaya cikin ladabi: likita, har yanzu ana buƙatar wannan robar? Ma'aikacin kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Robar fitsari ita ce wurin da aka fi ɓarnar magani. Duk wanda ya daɗe da ita, ba wuya a samu Kandida a fitsarinsa, sai a rubuta fulukonazol. Ƙa'idar 2016 ɗin nan ta ce idan mutum ba ya jin komai, ba a ba shi magani, sai in bakwaini ne, ko wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi ƙasa, ko wanda za a yi wa aiki a mafitsara. A wajen mutane da yawa zare robar kaɗai yana kawar da ita, idan kuma ba za a iya rabuwa da roba ba, sai a sauya sabuwa a sake gwaji. Ekinokandin, duk da tsadarsa da ƙarfinsa a jini, kaɗan ne daga cikinsa ke fita ta fitsari, don haka ba shi ake nema a nan ba.